Bakan da Maza Tara Suka Kasa Ja

Ranar kasuwar Batsari da ta wuce ina zaune a rumfata ina miƙar da kyauron kibiya a bakin wuta, sai ga samari uku sun tsuguna a gabana. Ɗaya ya turo mini waya har tana taɓa mini hanci, wai lallai sai na ga maharban duniya. To, na gani. Akwai wani a ƙasar Sin, in ji su, rana goma ne suka fito a sama lokaci ɗaya, ya harbo tara ya bar mana wannan guda da take gasa mu. Na ce ai da ya daure ya ƙarasa aikinsa. Akwai kuma wani can wata ƙasa wanda duk garinsu babu mai iya jan bakansa sai shi kaɗai. Da suka zo kan wannan sai dariya ta kama ni, har na manta da kyauron ya ƙone.

Na ce da su, "To, duk na ji. Wa ya sassaƙa masu bakan?"

Suka duba waya sama da ƙasa, babu. An faɗi sunan maharbi da na ubansa har da na dokinsa, amma mutumin da ya zauna da gizago ya yi aikin, ko a gefe ba a sa shi ba. Mai wayar ya ce, "Haba Baba Ilu, baka ai sanda ce da igiya."

Sanda da igiya! Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ina cin tuwo da wannan sanda da igiya. Kuma maganar bakan da ba a iya ja, ni na san yadda ake yin sa, domin na taɓa yin guda da hannuna. Duk waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa yau bakina ya buɗe.

Aikin farko da Kawu Jatau ya ba ni a Karare, ƙanen mahaifiyata ne kuma shi ya koya mini sana'ar, shi ne in yanko reshen dargaza. Na tafi fadama na samo wani santalele, miƙaƙƙe, ina tafe ina fito don murna. Kawu ya karɓa, ya lanƙwasa shi a gwiwa, ya saki, reshen ya tsaya a lanƙwashe bai dawo ba. Ya ce, "Wanga ya sha ruwa ya ƙoshi, malalaci ne. Tahi kan dutse ka samo wanda ya sha wuya." Rani uku na yi ban taɓa gizago ba, aikina yanka da ɗauka. Ba a yanka sai an kai amfanin gona gida, lokacin da ruwan itace ya sauka. A rataye shi a rufin madafa ya sha hayaƙi shekara guda cur. Sannan a fere da gizago, a kankare da fasasshiyar kwalba, a shafe da man shanu, a gasa sama-sama a kan garwashi ana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan. In ka yi gaggawa zai yi maka biyayya a rumfa, sai an je gaban mutane ya karye ya fasa wa mai shi leɓe.

Igiyar kuma da kuke rainawa, sunanta tsarkiya, kuma fatar bijimin sa ce. Daga fata guda ake yanko ta, ana zagayawa da wuƙa tun daga gefe har tsakiya ba tare da ta tsinke ba. A jiƙa, a murɗe, a ɗaura mata dutse a rataye a reshe har ta gama miƙewa. Kibiya kuwa kyauro ne na bakin rafi, maƙeri ya yi kai, ni in ɗaure da jijiya. Samarin nan sun tambaye ni ina gashin tsuntsu irin na kibiyoyin cikin waya. Tamu ba ta da gashi, ba ta taɓa yi ba, nauyin kanta ne yake jan ta. Dafi kuma ba ruwana da shi, kowane maharbi da nasa sirrin.

Masu saye iri biyu ne. Maharbi zai zo ya ce maka shi ƙarfinsa ya fi na kowa, a ba shi mafi tauri. Kawu ya hana ni tambayar mutum ƙarfinsa, ya ce ƙarya zai yi mini, in miƙa masa baka kawai in zuba wa gwiwar hannunsa ido. In ta yi rawa, to bakan ya fi shi, ko da kuwa yana rantsuwa. Iri na biyu makiyaya ne, kuma sarkinsu wajen wahalar da mai sana'a shi ne wani Buba daga rugar da ke bayan Safana. Buba zai zo tun hantsi, ya ɗauki baka ya shinshina, ya kara a kunne ya ƙwanƙwasa, ya danna da babban yatsa tun daga wannan kai har wancan, ya auna da sandarsa. La'asar sakaliya sai ya ajiye ya ce zai je ya yi shawara. Kuma ba ya ɓoye aibi. A tsakiyar kasuwa ya taɓa ce mini wani baka nawa ya fi dacewa da tuƙa tuwo.

Sai muguwar shekara ta zo. Kawu ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, kuma a daidai lokacin wani maƙeri ya fara ƙera bindigar toka da araha. Kafin a ce haka, duk wani saurayi mai jin kansa ya rataya bututu a kafaɗa. Damina ta wuce, kaka ta shigo, ban sayar da baka ko ɗaya ba. Na koma sassaƙa ƙotar fartanya da muciya. Ni Ilu, magajin Jatau, ina zaune mata suna taya muciya suna cewa ta yi gajarta. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Cikin wannan hali ne Sarkin Baka Barmo ya zo gidana. Shi ne shugaban maharban yankinmu, tun daga ƙauyukan Batsari har na Safana, kuma shekara talatin yana riƙe da sarautar. Tsakar rana ya zo, rana na dukan ƙasa, lokacin da kowa ya shige inuwa. Ba ɗan rakiya, ba makaɗi. Bakansa kuma a naɗe cikin tabarma, kamar mai kai kaya wanki.

Sai na bayyana maku al'adar, in ba haka ba ba za ku gane ba. Kowace shekara, in an gama girbi, maharba suna taruwa a gindin wata babbar kuka bayan Karare. Ba mai shiga daji farauta sai Sarkin Baka ya yi harbin farko. Ana rataye ƙwarya a reshen kuka, ya ja da baya taki arba'in, ya harba. In ya fasa ta, an buɗe farauta. In ya kuskure ana iya ba shi kibiya ta biyu. Amma in ya kasa jan baka, ko kibiyar ta faɗi a hanya, to a nan take dattawa za su cire masa kwarin sarauta daga kafaɗa su rataya wa wani, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa. Barmo kuma ya ƙara wa al'adar nasa gishiri. Bakansa, wanda Kawu ya sassaƙa masa aka sa wa suna Gagarau, kaurinsa ya kai damtsen mutum, an naɗe shi da fatar guza da layu. Duk shekara in ya fasa ƙwarya sai ya yi juyi, ya wurgar da bakan ƙasa, ya daka tsawa, "Wa zai ja?" Shekara talatin ba wanda ya kai tsarkiyar kunne.

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na gida da na gona da na gajiya. Ya sha ruwa. Sannan ya kwance tabarma, ya tashi tsaye, ya ɗora yatsu a kan tsarkiya ya ja. Ni kuwa ido na kan gwiwar hannunsa. Ba rawa kawai ta yi ba, kaɗawa take yi. Tsarkiyar ba ta wuce rabin hanya ba ya saki, ya zauna yana haki.

Ya ce, "Ka gani, ɗan Jatau?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zafi ne. Ranar yau ba dama."

"Bar wanga zance. Kafaɗa ce ta tahi. Saura sati ukku, kuma Gambo na jira."

Gambo mutumin Darini ne, ƙato, wanda in ya shigo rumfa sai duhu ya shigo da shi. Bara ya ja Gagarau har ya wuce rabi, kuma tun daga ranar ya daina jan guga da hannu biyu. Kowa ya san da hannun dama kaɗai yake ɗebo wa shanunsa ruwa, don shirin wannan rana. In sarauta ta faɗi, a kafaɗarsa za ta sauka.

Barmo ya ce, "Ba sarautar nike ji ba, Ilu. In Allah ya ɗauke ni, su ba wanda suka so. Amma kada a tuɓe mani kwari ina tsaye, jikokina na kallo."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Amma kuma, in faɗa maku gaskiya, wani daɗi ya taso mini tun daga ciki, domin wata shida rabona da aikin da ya fi muciya. Na ce, "Sarki, zan yi maka baka wanda ido zai ce Gagarau ne, hannu kuma ya ce ba shi ba ne. Amma da sharaɗi guda. Kada bakan nan ya bar hannunka. Ba wurgarwa, ba wa-zai-ja."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Ni yaro ne?"

A ranar na sauko da wani reshe da ya shekara biyu a hayaƙi. Na fere shi, na ci gaba da ferewa, har ya koma siriri irin wanda ake yi wa mai koyo. Kawu da ya ga abin da nake wa itacen nan da ya kore ni daga gidan. Saura kauri. Na gwada tsumma, ya yi ƙulu-ƙulu. Na gwada ƙaiƙayi, yana ƙara in an taɓa. Sai idona ya faɗa kan matashin kan matata Hajara, wanda aka cika da audugar rimi. Na farke shi na kwashe. Da yamma ta tsaya a kaina da fankon matashi a hannu.

"Malam, mi ya cinye mani matashi?"

Na ce, "Ɓera."

Ta ce, "Ɓeran ga da wuƙa yake yawo?"

Na yi alkawarin sabo, ta tafi tana mita. Na jera audugar a jikin bakan na ɗaure ta tam da zare, na kwance fatar guza da layun Gagarau na mayar a kai. Ɗinkin fata aikin baduku ne, amma baduku yana da baki, don haka ni na ɗinka da kaina, ɗinkin da ba zan so a duba shi da rana ba. Da na ɗaga sai na ji ba nauyi, kamar kara. Na samo guntayen ƙarfen tsohuwar galma na ɓoye su a wurin riƙo. Kibiyoyi kuma na zaɓi kyauro mafi sauƙi, na sa masu ƙananan kawuna, yadda baka mai laushi zai iya kai su taki arba'in.

Muka gwada a cikin gonata, bayan tarin kara. Barmo ya ja har kunne ba tare da ya yi nishi ba. Ya saki baki yana dariya, haƙoransa huɗu duk a waje. Amma sai na ji wata matsala. Gagarau in an sake shi ƙara yake yi, tinn, har cikin haƙori. Wannan kuwa sai ya ce buf, kamar an bugi buhun dusa. Maharbi ko yana barci zai gane. Na tafi wurin mai gangar maharba na ce masa Sarki ya fito da sabon salo, yana so a doka ganga da ƙarfi daidai lokacin da kibiya za ta tashi. Mai ganga ya ce ai shi ma ya daɗe yana wannan tunani.

Ranar ta zo. Gindin kuka ya cika, masu baka a gaba, masu bindiga a baya suna hura hanci, karnuka na ta haushi, mata da yara sun yi layi a kan kunyoyin gona. Gambo na tsaye ya naɗe hannun riga, damtsen nan na dama ya kusa biyun na hagu. Ni ina gefe na rakuɓe.

Barmo ya ƙirga takinsa arba'in. Ya juyo. Ya ɗaga baka, kuma don iya shege har da ɗan nishi ya yi kafin ya ja. Tsarkiya ta kai kunne. Ganga ta ce dum! Kibiya ta tashi. Ban taɓa ganin kibiya mai natsuwa irin wannan ba, tafe take a hankali kamar mai zuwa gaida surukai. Na ce a raina, ya Allah ka tura ta. Ta yi sama, ta sunkuyo, ta sami ƙwaryar a gefe. Ƙwarya ta tsage biyu, rabi ya faɗo ƙasa.

Wuri ya kaure. Mata na guɗa, masu bindiga suka harba sama, karnuka suka haukace. Ni kaina na tsinci kaina ina tsalle ina rungumar wani mutum da ban sani ba. Barmo kuwa ya koma ɗan shekara ashirin. Ya shiga fili yana taka rawa yana kirari, shi ne na Karare mai kwana a kan reshe, shi ne wanda kura ke wa sallama. Ya yi juyi na ɗaya. Ya yi na biyu. A na uku hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin. Na ga bakan a sama yana wulwulawa, ya faɗo tim a tsakiyar fili.

"Wa zai j..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe, idonsa ya nemo nawa cikin taro. Na duba hanyar gida, na ga mutane sun toshe ta.

Gambo bai jira an ƙarasa tambayar ba. Ya tako, ya sunkuya ya ɗauka, ya jinjina nauyin a hannu, ƙarfen galma ya yi aikinsa. Ya gyara tsayuwa. Ya sa yatsu uku a tsarkiya, ya ɗan taɓa ta. Daga inda nake na ga fuskarsa ta sauya. Mutumin da ya shekara yana jan guga da hannu ɗaya ya ji tsarkiya ta biyo shi kamar zaren saƙa. Ya tsaya cik. Ya dubi Barmo, wanda ya tsufa a tsaye cikin wannan ɗan lokaci. Ya dubi jikokin Barmo da ke zaune a gaba. Ya waiwayo ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na gyara zama. Sai ya kai hannu baki kamar mai tofa addu'a.

Daga nan ya fara nishi. Jama'a, ban san Gambo ɗan wasa ba ne sai ranar. Ya cije leɓe, jijiyoyin wuya suka tashi, ƙafa na karkarwa, gumi na zuba, tsarkiya kuwa ba ta matsa ko faɗin tafin hannu ba. Ya saki, ya zagaya, ya tofa yawu a tafi, ya sake kamawa. A karo na uku ya yi baya taga-taga ya zauna daɓas a ƙasa.

Ya ce, "Kai! Baba, sai kai. Ni dai na bari."

Fili ya sake kaurewa. Ni na ɗauka an gama, har na fara hamdala. Ashe an fara ne. Ganin Gambo ya faɗi, kowa ya ce shi ma sai ya taɓa. Gambo ya yi wuf ya tashi, ya ture samarin da ke miƙo hannu, ya ce manya tukuna. Shi da kansa ya riƙa zaɓen wanda zai ba, duk dattawan maharba, kuma duk wanda ya miƙa wa sai ya matse masa yatsu ya zuba masa ido. Na biyu ya taɓa tsarkiya, ya gane, ya yi tari don ya danne dariya, ya kama nishi. Na uku ya ga na biyu ya yi nishi, shi sai ya ƙara da ihu. Abin ya koma gasa. Na biyar ya kwanta ƙasa ya sa ƙafa biyu ya taka bakan yana ja da hannu biyu, ni kuwa raina na kan ɗinkina. Na bakwai ya ce kafaɗarsa ta goce, aka kama shi aka kai inuwa ana masa fifita, yana kwance yana girgiza, mutane na cewa zafin ciwo ne. Takwas suka gwada, takwas suka kasa.

Gambo ya ɗauki bakan zai mayar wa mai shi, sai wata sanda ta tare shi. Buba ne. Ba maharbi ba ne, kallo ya zo, amma baƙo in ya nemi gwaji ba a hana shi. Gambo ya yi ta matsa masa yatsu, Buba ya ce, "Mi ne kake murɗe mani hannu?"

Na ce shi ke nan, yau ƙarya ta ƙare. Buba ya karɓi baka. Ya shinshina. Ya kara a kunne ya ƙwanƙwasa. Ya fara dannawa da babban yatsa tun daga kai, kuma ina gani yatsan na nutsewa cikin matashin Hajara. Ya danna nan, ya danna can, bai bar ko taƙi ɗaya ba. Ya sa yatsu a tsarkiya ya ɗan ja. Ya daɗe a haka yana kallon Barmo. Sannan ya sassauta a hankali, ya riƙe bakan da hannu biyu, ya taka har gaban tsohon, ya rusuna ya miƙa masa.

Ya ce, "Baaba, wannan sai na je na yi shawara."

Barmo ya karɓa. Hawaye na bin gemunsa, ya ce hayaƙin bindiga ne ya shiga masa ido.

Kafin kasuwar Safana ta ci, maza tara sun zama ashirin. Sati na gaba aka ce har bijimin sa aka ɗaura wa tsarkiyar ya kasa. Wani ya rantse mini, ni da na yi bakan, cewa da idonsa ya ga wuta na fita daga kibiyar. Sai ga mutane a rumfata, har da masu bindiga, kowa na son baka irin na Sarki, wanda ba a iya ja. Na yi masu kuwa, masu taurin gaske, suka kai gida suka rataye a bango, har yau wasu na nan ba a taɓa harba su ba. Na jefar da muciya, na saya wa Hajara matashi biyu. Barmo ya ƙara shekara huɗu yana fasa ƙwarya, bai sake wurgar da baka ba, ya ce ya gaji da kunyata mutane. Da kwarinsa a rataye a ɗakinsa Allah ya ɗauke shi.

Amma kwana uku bayan taron, tun labari bai yi nisa ba, ina rumfa sai na ga duhu ya shigo. Gambo ne. Ya zauna a kan turmin da nake fere itace, muka gaisa, ni kuma ina ta kankare abin da ba ya bukatar kankara.

Can ya ce, "Ilu, ka koyi ɗinki."

Na ce, "Ɗinkin mi?"

"Ina taɓa tsarkiya rimi ya leƙo ta gefen fata, fari fat. Ka ga na kai hannu baki? Ba addu'a ba ce. Haɗiye shi na yi. Kwana ukku ke nan yana mani kai-kawo a maƙoshi."

Dariya ta ƙwace mini, shi ma ta ƙwace masa, muka yi ta yi har maƙwabcina mai sayar da igiya ya leƙo. Da muka natsu na ce, "Gambo, shekara guda kana jan guga. Sarauta na hannunka. Mi ya hana ka?"

Ya ce, "In na ja, wa na kayar? Barmo ko matashin matarka? Kuma shi ya fara rataya mani kwari. Ba ni zan tsaya a tuɓe mashi nashi ba."

Ya tashi zai fita, har ya sunkuya a bakin rumfa, sai ya tsaya. Ya kai hannun hagu yana murza kafaɗar nan ta dama, wadda duk yankin ke tsoro. Bai juyo ba.

Ya ce, "Itacen nan, shekara nawa yake yi a hayaƙi bai lalace ba?"

Na ce, "In an kula da shi, ko ashirin."

Ya ce, "To, ka yanko mani guda bana. Ka rataye, kada ka gaya ma kowa na wane ne."